Mangwaron Bayan Tudu

“Ɗana ba shi auren raguwa!”

Inna Dela ce ta faɗa tsakar gidan su Fiddausiya a Allakaye, ko sallama babu.

“Ba ki iya daka, amma kullum da sahe kina da ƙahwar yawo! Biba tac ce wani kike gamuwa da shi bayan tudu!”

Biba ’yar ƙanwar Inna ce, ta daɗe tana hangen ɗakin Ridwan, ɗan Inna.

Fiddausiya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga. Ina ita ina ambaton sunan saurayinta gaban uwarsa?

Ciwonta ba ya kumburi, ba ya zazzaɓi. Jiki ne ke tsami ko’ina kamar wadda aka lakaɗa wa duka. Lokotoro a asibitin Madawa ya kira shi fibromiyaljiya, ya ce ta riƙa tafiya a ƙafa kullum, sannu-sannu. Ta fara ta bari, ta sake farawa ta bari. Tana tsoron ciwon ya ƙaru, ga kunya, don a garinsu mace ba ta fita ba tulu ba itace.

Ridwan ne kaɗai ya gane. Ranar da zai tafi bida, wato ci-rani, Abijan ya miƙa mata ’yar buta.

“Hasken idona, na dasa mangwaro bakin gonarmu. Ba wanda yas sani sai ke. Ki riƙa kai mai ruwa.”

“Ranar da ban iyawa hwa?”

“Ki zamna ki huta, kana ki tashi. Shina jiran ki... kamar ni.”

Washegarin rigimar, ko ɗan kwali da ƙyar ta ɗaura. Ta daɗe tana kallon butar nan, sannan ta cika ta ta fita.

Inna Dela ta bi bayanta a ɓoye, ta rantse yau sai ta kama kwarton.

Abin da ta gani dabam ne. Yarinya na hawan duwatsu tana cije leɓe. Ta zauna, ta matsa gwiwoyi, ta share ido, ta miƙe. Ko ɗigo ba ta zubar ba. Wallahi duk wanda ya ga tashin nan sai ya ji ta shiga ransa!

Inna na haki ta iso bayan tudu, ta tsaya cak. Gonarta ce. Tsakiyar rani, ko’ina ya ƙone, amma ga ɗan mangwaro kore shar cikin shingen ƙaya.

“Wa yad dasa wanga?”

Fiddausiya ta firgita, ta rufe fuska da mayafi.

Kunyar nan ta sa Inna ta gane Ridwan ne.

“Tun tahiyatai... kullum?”

Ta gyaɗa kai.

Muryar tsohuwa ta karye.

“Ɗiyata, gahwarta mani. Ni da lahiyata, tudun ga ya kusa kashe ni!”

Da ruwan farko ya sauka Ridwan ya dawo, ya tarar uwarsa da kanta ta aika goro gidan su Fiddausiya. Biba kuwa ta ce kanta ke ciwo, ba ta zo biki ba.

Bayan aure suka hau tudun tare. Itacen ya kai masa ƙugu.

“Masoyiyata, ciwon ya tahi?”

“Bai tahi ba.”

Ya kai hannu zai karɓi butar. Ta janye tana murmushi.

“Bari, abin ƙaunata. Ciwon na nan, ni ma ina nan... kuma ni ka kai ruwan.”