Sunan Farouk a Ƙarƙashin Dutse

"Zulaiha, yau kuma da me zan niƙa daddawa? Da kanki?"

Ya Kellumi ce ke wannan mita daga madafi, kamar yadda ta saba tun faɗuwar damina. Jikarta na tsugune a barandar gidansu na unguwar Bekaji a Yola, ta janye dutsen niƙan tana sauya jaridu. Aikin nata na busar da fure ba ya son sakaci. Furen dajin nan da ake kira okid kauri gare shi, ruwa ne fal cikinsa. Sai a shimfiɗa shi tsakanin jarida da kwali, a ɗora katako, a danne da abu mai nauyi, kullum a cire jaridar da ta jiƙe a sa busasshiya har mako uku. In aka manta kwana biyu, funfuna ta cinye shi.

A wajen mahaifinta ta koya, malamin aikin gona ne a Bama. Shekarar da suka gudo shi bai iso Yola ba, kundin furanninsa ne ya iso, ɗaure a bayan Zulaiha. Farouk, ma'aikacin gandun daji mai neman aurenta, shi ya gane darajar abin. Wasu samarin turare suke kai wa 'yan mata, shi kuwa fure yake kawowa daga dajin Toungo a cikin kular ruwan sanyi. Ita kuma ta rubuta a 'yar takarda sunan wanda ya tsinko, da wurin, da ranar, yadda Baba yake yi.

Saura wata biyu biki, mahaifiyar Farouk, Hajja Bintu, ta zo daga unguwar Mbamba a keke napep duba Ya Kellumi da ke fama da gwiwa. Zulaiha ta gaishe ta, ta shige ɗaki don kunya. Hajja kuwa mace ce da idonta ba ya wuce abu. Ta ga dutsen niƙa zaune a kan katako, ta ɗaga. Sai ga fure ya fara duhu, ga sunan ɗanta kwance a gefensa.

"La ilaha illallahu! Sunan ɗana ƙarƙashin dutse? Ashe shi ya sa yaron nan ba ya ji ba ya gani."

Ya Kellumi ta tashi gyara magana, ta ƙara ɓata ta. Ta ce ita ma ba ta san amfanin abin ba, yarinyar dai kullum da sassafe tana kansa, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa. Hajja ba ta jira ƙarin shaida ba. Ta naɗe katakon da jaridun a mayafi, ta ce babu maganar aure sai asirin ya karye.

Farouk ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya ce, "Dada, sayans ne fa, a makaranta ma ana koyar da shi." Ta ce ai duk wanda aka danne haka yake faɗa. Zulaiha ta roƙe shi ya ce mata ko jaridar ce a riƙa sauyawa, don furen nan sau ɗaya yake fitowa a shekara, kuma irinsa ne Baba ya yi ta nema bai samu ba. Da saƙon ya isa, Hajja ta ce wato so ake ta sabunta asirin da hannunta. Ta jefa ƙunshin a akwati ta kulle, ta zauna jiran ɗanta ya warke.

Takaici kamar ya kashe Zulaiha. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ita da ke karatun Alƙur'ani kowace safiya, yau ita ce mai bin bokaye saboda fure? Sau biyu tana yafa mayafi za ta Mbamba ta wanke kanta, sau biyu tana cirewa. Ta hana Farouk ɗaga wa uwarsa murya, ta ce in ya yi, ita ma ta fasa. Duk Juma'a kuma sai ta aika wa Hajja turaren wuta da gaisuwa, ko da yake a ƙulle ake dawo da shi.

Mako na uku, wari ya fara fita daga akwatin. Hajja ta buɗe, ta tarar furen ya ruɓe, funfuna ta yi kore, tawadar ta narke, ko harafi ɗaya na sunan bai rage ba. Ta kira ɗanta da murna ta nuna masa.

"To, yanzu fa? Har yanzu kana son ta?"

"Dada, ya ma ƙaru."

Ta daɗe tana kallonsa. Asiri ya ruɓe, suna ya goge, yaro yana nan yadda yake. Lissafin ya ƙi fita.

Washegari sai ga ta a Bekaji, fuska ba walwala. Zulaiha ta ɗauko kundin Baba ta buɗe a gabanta. A shafin farko fure ne an rubuta Kellumi, wanda tsohuwar ta tsinko wajen itace tun da ƙarfinta. A na ƙarshe mai fure an rubuta Zulaiha, shekara tara. Shafin da ke biye babu komai, sai sunan furen da ya ruɓe a akwatin Hajja, da rubutun mamacin.

"Nan na so in sa shi," in ji Zulaiha.

Hajja Bintu ta rufe fuska da mayafi, ta yi kuka sosai. Ta ce, "'Yata, na ɗauki alhakinki da na mahaifinki. Ki yafe min."

An ɗaura aure bayan Sallah. Zato ya kusa raba masoya biyu, tambaya guda kuwa da ta wadatar, kuma haƙurin yarinyar ne ya riƙe abin da fushi zai tsinka. Da damina ta zagayo Farouk ya sake samo furen. A Mbamba aka danne shi da dutsen niƙan Hajja, ita ke sauya jaridar kowace safiya, kuma duk wanda ya matsa kusa sai ya sha faɗa.