Tambayar da Dakta Ta Yi a Gidan Surukai

Dakta ta kasa zama. Ta miƙe daga bakin gado, ta ɗauki waya, ta ajiye, ta sake ɗauka. Yayarta na ninke kaya tana kallonta.

"Za ki cinye mana tabarma da zirga-zirga. Me kika yi a gidan surukan naki?"

"Tambaya kawai na yi, Yaya."

Dakta ta daɗe a asibiti tana binciken cututtukan da ake gado ta jini. Aikin kenan kullum: a zaunar da mutum a tambaye shi wa ya haifi wa, wa ya rasu, me ya kashe shi. Bakinta ya saba. Ranar da Malam, malamin lissafin da zai aure ta, ya kai ta gaida mahaifiyarsa, ta ga hoton wani saurayi a bango. Aka ce wan Malam ne, ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, bai tashi ba. Wata baƙuwa ta ce haka kawunsu ma ya tafi.

Dakta ta manta inda take. Ta gyara zama ta ce, "Mama, su nawa ne suka faɗi haka a danginku? Iyayenki 'yan'uwan juna ne?"

Tsohuwa ta ce, "Gaisuwa kika zo, ko ƙirga mana gawa?" Ta shige ɗaki.

Da Yaya ta ji, sai ta dafe kai. "Karatu har wuya, hankali ko cikin cokali babu."

Da yamma Malam ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa. "Mama ta ce a dakatar da maganar aure. Kuma in na taka ɗakin gwajinku, ba ta yafe ba."

"Sori, na san na yi wauta. Amma akwai ciwon zuciya mai bin jini, in an gano shi da wuri ana tare shi..."

"Uwata ce. Ba zan tsallake maganarta ba."

Ya tafi, ta sha kukanta. Yaya ta bari ta gama, sannan ta ce, "Ki koma ki gaishe ta. Ki bar bakin nan a asibiti."

Ta koma. Tsohuwa ta amsa da ƙyar. Ta sake komawa, ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ba ta tambayi komai ba. A wurin aiki kuwa injin gwaji yana ta juya jinin mutanen da ba ta sani ba, na wanda take so ba ta da iznin taɓawa. Wata abokiyar aikinta ta ce, "Ki ɗauko kofin da Malam ya sha ruwa mana, yawu ma ya isa a yi gwaji."

"Ba a gwada mutum a ɓoye," in ji Dakta. Ranar sai da ta zagaye harabar asibitin a ƙafa kafin ta koma bakin aiki.

Watanni suka shuɗe. Wata rana Dakta tana tsince shinkafa a gidan surukan, tsohuwa na gefe. Tsohuwa ba ta ko dube ta ba ta ce, "Su huɗu ne suka faɗi haka a danginmu."

Dakta ta ajiye faifan shinkafar.

"Ɗan nan nawa kaɗai ya rage mini. In kin gani a jininsa, guduwa za ki yi?"

"Mama, in na gani zan ɗora shi a kan magani, in raba shi da ƙwallo, in zauna da shi. In ban gani ba ma, zama zan yi."

Tsohuwa ta goge ido da bakin mayafi. "To gobe mu tafi tare. Ki fara da ni, 'yar nan. Jinin nawa ne."

An sami ciwon a jikin Malam, an tare shi, an ɗaura aure. Yana nan yana shan maganinsa yana mita.

Ku yara masu karatu, ku ji. Dakta ta san ciwon tun ranar farko, amma sanin bai kai Malam asibiti ba. Ladabi da haƙuri ne suka kai shi.