Kambun Natsuwa a Masaƙar Tudun Ƙarfe

Kambun da ke damtsen Malam Shekarau ya yi ƙara ƙit, fitilarsa ta koma shuɗiya, ya tura ɗigon diyazefam, maganin kwantar da hankali, cikin jijiyarsa. Kafin minti biyu kafaɗun tsohon sun saki. Ya ci gaba da ba injin saƙa zare, yawu na bin gemunsa.

Dakta Uwani tana tsaye tana kallonsa. Ita ta ƙera na'urar a shekarar 2083 saboda masu farfaɗiya. A damtse ake ɗaura ta, tana sauraron bugun zuciya da saƙonnin ƙwaƙwalwa, da ta ji jijjiga na tafe sai ta saki magani daidai awo. Sharaɗin kuwa a rubuce yake: sai da izinin likita, kuma na ɗan lokaci, domin maganin yana danne numfashi, jiki kuma yana sabawa da shi.

Kiran gaggawa ne ya kawo ta masaƙar da hantsi, wata ma'aikaciya ta daina numfashi a bakin aiki. Da kyar ta ceto ta. Sai da ta ɗago kai ta lura kowane damtse a zauren yana ɗauke da kambu.

"Wa ya ba ku izini?" ta tambayi manajan, Injiniya Barau.

"Likita, ai taimako ne. Da can in an ƙara awannin aiki sai hayaniya da koke-koke. Gyara kaɗan muka yi wa na'urar, duk wanda gabansa ya faɗi ta kwantar masa da hankali. Wata goma sha huɗu ko tari ba mu ji ba."

Matar da aka ceto ta jawo gefen rigar Uwani, ta raɗa mata cewa ranar Talata aka binne matar Shekarau, daga maƙabarta ya wuto aiki.

Uwani ta durƙusa kusa da shi. "Baba, ya haƙuri?"

"Haƙurin me, 'yata?"

"Mai ɗakinka."

"Tana gida," ya ce, yana murmushi, harshensa na harɗewa. "Kunu take dama mini."

Uwani ta miƙe. Ta nufi allon da ke sarrafa kambunan, ta ɗora yatsa a kan makunnin kashewa.

"Gargaɗi," in ji muryar allon. "Jikin mutum dubu uku da ɗari tara ya saba. Yankewa lokaci guda zai jawo jijjiga mai tsanani. Wasu za su mutu."

Ta san haka, ita ta rubuta gargaɗin. Mutanen da ba su taɓa faɗuwa ba za su zube a ƙasa suna shure-shure.

"Kin gani ko?" in ji Barau, yana miƙo mata ruwan sanyi.

Ba ta karɓa ba. Ta ture Barau gefe, ta kulle allon da lambar hukumar lafiya, ta tsara ragin maganin kaɗan-kaɗan har wata takwas. Tankin maganin da ake cika kambunan da shi ya kusa ƙarewa, don haka da hannunta ta cika shi, tana kau da fuska kamar mai kwashe mushe.

A ƙiyasinta, sai cikin wata na biyar Malam Shekarau zai tashi da safe, ya ƙwala wa matarsa kira, ya ji shiru. A ranar ne mutuwar matar za ta iso gidansa, kuma babu ko tabarma ɗaya ta masu ta'aziyya a ƙofa.