Ruwan Famfo a Abincin Tsutsa

Ranar da ya fara ganinta ta duƙufa kan madubin ƙara girma, tana ɗaga tsutsotsi da siririyar waya. Shi aikinsa a ɗakin binciken wanke faranti ne da dafa wa tsutsotsin abinci. A sakandare karatunsa ya tsaya.

"Mai faranti, zo ka gani," ta ce.

Ya leƙa. Wasu abubuwa kamar silin gashi suna mutsu-mutsu.

"Waɗannan da tangarɗa a ƙwayar halitta aka haife su. In na ƙara musu sinadarin ƙarfe a abinci sai su tara kitse, in ban ƙara ba su zauna a rame. Digirina ke nan."

"Ni ma a ƙara min ƙarfen. Kin ga ƙashi ne zalla."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar ya zama Ƙashina, ita kuma Malamata.

Mahaifinta da ya ji suna soyayya ya ce bai haifi 'ya don mai wanke kwanon tsutsa ba. Ga likita, ɗan amininsa, yana jira ta gama digiri su tafi waje.

Ana haka injin tace ruwa ya lalace. Don kada aikinta ya tsaya, ya ci gaba da dafa abincin da ruwan famfo, bai gaya wa kowa ba. Ashe bututun duk tsatsa ne, ruwan cike da ƙarfe. Tsutsotsin da ba a ba ƙarfe ba su ma suka yi ɓul-ɓul. Aikin shekara ya tafi a banza.

Ya tura mata saƙo: "Malamata, ni ne. Ruwan famfo na zuba. Taimako na yi nufi."

Har ya fid da rai, sai amsa ta shigo: "Na tsane ka, Ƙashina. Ka ci abinci?"

Likita bai iya jiran wata shekara ba, ya auri wata. Dangi suka sa mahaifinta a gaba da surutu, har ya kira mai wanke farantin.

"Kai ka ɓata, kai za ka ɗauka."

Aka ɗaura aure ba armashi. Mahaifiyarta ta dafa kawunansu. "Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya yi muku albarka."

Da ɗaki ya rage su biyu, amarya ta yaye mayafi.

"Jami'a ta ƙi ƙara min lokaci. An rufe aikin."

Ya sunkuyar da kai. "Da ban zuba ruwan nan ba, da ba kya ɗakin nan."

"Na sani," ta ce, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. "Kar ka sake faɗa."