Tsaga a Gefen Walda

Ranar da suka fara haɗuwa, ƙofar mota ya ɗauko a kafaɗa ya dire mata a kan tebur, har kofinta ya yi tsalle.

"Ke ce sabuwar injiniya? Kwamfutarki ta ce wannan ba za ta tsage ba."

Ta ɗago ta dube shi. Dogo ake ce masa a masana'antar, shi ke kula da babban injin matse ƙarfe. Ta dubi ƙofar, ga tsaga nan doguwa a gefen walda.

Laifin a wuyanta yake. Fallen ƙarfe biyu ake haɗawa da walda, mai kauri da marar kauri, sannan injin ya danna su su zama ƙofa. Ita ke gwada dannawar a kwamfuta tun ba a taɓa ƙarfen ba, ta faɗi inda zai miƙe da inda zai yage. In ƙofofin suka ci gaba da tsagewa, masu motar za su kai aikinsu wani wuri, a rufe sashen gaba ɗaya.

"Mu je ka nuna mini," ta ce, ta riga shi kaiwa bakin ƙofar ofis.

Tun daga ranar ta rasa sukuni. Tana ofis, tana gaban injin. Shi yana auna yadda layin walda ke gocewa in an danna, ita tana shigar da awon tana sake lissafi. Wani lokacin ma ba ta da tambaya, sai a kan matakala take ƙirƙiro ta.

Saƙonsa ya shigo: "Injiniyata, yau ma layin ya goce wajen mai kauri. Ni kuma tun safe ban san inda hankalina ya goce ba. Kin ci abinci?"

Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa: "Dogona, ka auna ƙarfenka ka ƙyale ni. Ban ci ba. Kai fa?"

Da maganar soyayyarsu ta kai gida, Baba, mahaifinta, ya kira ta. Ya yi shekaru a gaban irin wannan injin, a nan ya rasa yatsun hannunsa na dama.

"Ba ni da ta cewa a kan halinsa," ya ce. "Amma na ga idon uwarki ranar da aka kawo ni daga asibiti. Ba na son ki yi irin wannan jiran. Ga ɗan aminina mai shagon magani, kullum sai ya aiko da gaisuwa."

Mai magani ya fara zuwa da yamma. Saƙon Dogo kuwa ya ɗauke. Ta duba waya a mota, ta duba a wajen taro, ta duba tana wanke kwanuka. Sai ta ji a bakin ma'aikata wai ya nemi a mayar da shi sito. Ta bar kwamfuta a kunne ta sauko, ta same shi a tsakanin tarin fallen ƙarfe.

"Don kar ka riƙa ganina ne ka nemi sito?"

"Ni?" Ya ajiye safar hannunsa. "An ce Baba ba ya son mai injin, na ce bari in daina zama mai injin. Kuma na ga motar mai magani a ƙofar gidanku."

"Motar ka gani. Ka gan ni a ciki?"

Ya sunkuyar da kai, dariya na neman ƙwace masa.

"Sito ba wurinka ba ne," ta ce. "Je ka ce ka fasa. Baba kuma ka bar ni da Mama."

A satin ne lissafin ya fito: a ɗan matsar da layin walda, a sassauta riƙon gefen mai kauri. Ranar gwaji Mama ta sa Baba a gaba sai da ya zo. Ya tsaya nesa, hannunsa a aljihu.

Dogo ya gaishe shi a durƙushe. Ya kunna injin, ya zura sanda cikin hasken tsaron da ke bakin injin, injin ya tsaya cak.

"A zamaninmu babu wannan," in ji Baba a hankali.

Aka sa ƙarfe. Injiniya ta kasa kallo, ta juya baya tana murza yatsu. Injin ya sauko ya tashi, ƙofa ta fito sumul. Ma'aikata suka kaure da tafi, amma Baba Dogo yake kallo.

"Ko an matsa maka da sauri, ba za ka taɓa kashe wannan hasken ba?"

"Na yi alkawari, Baba."

"To, ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, bayan an watse, Baba ya kira su ɗaki suka zauna a gabansa. Ya so ya yi doguwar nasiha, sai ya taƙaita.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku zaman lafiya. Kullum kuka fita, ya dawo da ku gida lafiya."

Suka amsa tare, amma amin ɗin Mama ta fi ta kowa tsawo.