Hular da Ta Yi Yoyo

"Tayta, don Allah a hankali..."

Mahaifina, wanda muke kira Tayta, ko kallona bai yi ba. Ya buɗe bakin hular saurayina Nicanor, ya ɗaga buta, ya fara zuba ruwa a ciki, a tsakiyar dandali, gaban duk mutanen tsibirinmu.

Ranar buɗe baje kolin sanyi ce. Tebura sun cika da huluna da ɗamaru, iskar tafki tana yanka kunne. Masu sarewa ma sun dakata, domin kowa ya san dokar: saurayi ya saƙa hula da hannunsa, uban yarinya ya cika ta da ruwa. In ta riƙe, an ba shi. In ta yi yoyo, ya koma gidansu.

Ɗigo ya faɗo...

Wani ya biyo shi...

Sai ruwan ya tsiyayo gaba ɗaya, ya jiƙe wa Tayta takalmansa na taya.

"Kai! Wannan hula ce ko ragar kifi?" in ji wani tsoho, dandali ya ɗauki dariya.

Tayta ya wurga masa hular a ƙirji.

"Tun farko ban yarda da kai ba. Ka kasa riƙe ruwa, 'yata za ka riƙe?"

Nicanor ya sunkuyar da kai ya fice. Na bi shi da gudu har bayan coci.

"Nicanor, tsaya! Sanyi ne ya kama maka yatsu, ko? Za ka sake wata. Zan durƙusa wa Tayta..."

"Eulalia, 'yar kurciyata... kin gani da idonki. Ban iya ba. Ki yi haƙuri."

"Ba zan yi ba!"

Na janye baƙin mayafina. Iska ta bugi ƙeyata, inda a da kitsona yake sauka har ƙugu. Na zaro ɗamarar da na ɓoye a cikin riga. Sai uba ya amince yarinya ke yanke gashinta ta saƙa wa mijinta ɗamara da shi. Ni ban jira ba. Me zan jira, alhali tun Nicanor yana ƙarami ake nuna saƙarsa ana yi wa sauran yara faɗa?

"Duba... na riga na gama."

Ya ja da baya kamar na miƙa masa wuta.

"Wa ya ce ki yanke?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya tafi ya bar ni da hannu a miƙe.

Ina komawa dandali Celestina ta ƙwala mini kira. 'Yar kawuna ce, babanta ke da jirgin injin da ke ɗauko baƙi.

"'Yar'uwa, zo mana! Wayyo, ina gashin? Kin zama kamar ɗan rago!"

Na ja mayafi, zan wuce. Sai idona ya faɗa kan teburinta. Na san hannun da ya yi saƙar nan ko a cikin duhu. Hulunan Nicanor ne a jere, a samansu kuma wata ja zur, irin ta magidanta.

"Kin gane ta?" Ta ɗauke ta tana murmushi. "Babana ya gwada ta a gida. Tsaya ki gani."

Ta juye kofin shayinta mai zafi a ciki, ta ɗaga hular daidai fuskata.

Na jira...

Na roƙi Allah ta ɗiga...

Ko ɗigo.

"Nicanor ya ce ba zai iya faɗa miki ba, kin cika saurin kuka. Ni na ce masa, to ka sassauta zaren, hula ta faɗa mata." Ta zubar da shayin kusa da ƙafata. "Ai mun tausaya miki."

Ban san yadda na kai teburinmu ba. Tayta yana zaune yana saƙa. Ya dubi ƙeyata, ya dubi ɗamarar, alluransa suka tsaya.

"Tun da na taɓa hular na san da gangan ya yi," ya ce a hankali. "Na so ki ɗauka bai iya ba ne. Ban san kin..."



Ganguna suka tashi. Masu rawa suka zagayo, Nicanor a cikinsu, Celestina na juya siket ɗinta a gefensa. Bai waigo ba.

Na shimfiɗa ɗamarar a kan tebur, tsakanin kayan sayarwa.

Wata baturiya ta tsaya, ta shafa baƙin zaren da yatsa.

"Kai, laushi! Gashin wace dabba ne?"

"Na tunkiya ne, señora," na ce, ina naɗe mata ita. "Da kanta ta miƙa wuya aka aske ta."