Waya Mai Shatin Haƙora

Ƙarfe takwas da kwata na safe aka kawo rahoto caji ofis ɗin da ke bayan babban dandalin garin Potosí, cewa an tsinci gawar Don Anacleto Yucra a ɗakin da yake wanke hotuna. Ba wanda bai san tsohon ba. Shi ne shugaban masu ɗaukar hoto na dandali, masu akwatin katako da baƙin ƙyalle, kuma shi ke raba musu wurin tsayuwa.

Kafin Sufeto Eulogio Ticona ya iso, Kwamanda Arancibia har ya gama shari'arsa. Mutum ne mai yanke hukunci kafin shayinsa ya huce.

"'Yarsa ce, Prudencia," in ji Kwamanda. "Maƙwabta sun ji suna cacar baki jiya. Tana son ya ba ta wuri a dandali, shi kuma ya ce mace ba ta shiga baƙin ƙyalle. Tana bayan kanta. Ƙarfe huɗu mai gabatar da ƙara zai wuce da ita kurkuku."

"Ranka ya daɗe, ko gawar ban gani ba."

"To je ka gani. Ba gudu za ta yi ba."

Ticona ya tarar da tsohon kwance rigingine, ƙeyarsa ta bugi bakin teburin dutse. Ba a taɓa komai a ɗakin ba. Sai dai hannunsa na dama a dunƙule yake, da ƙyar Saje Colque ya ɓamɓare yatsun.

Waya ce a ciki, irin wadda ake ɗaura wa kyamara a danna ta ƙyasta hoto ba tare da akwatin ya girgiza ba. Amma wannan ta fi saura tsawo, kuma inda maɓalli ya kamata ya kasance, wasu 'yan katakai biyu ne masu buɗewa da rufewa, an naɗe su da fata da ta yi baƙi ƙirin.

Ticona ya koma ofis ya nuna wa Prudencia ta tsakanin ƙarafa. Idanunta sun kumbura don kuka.

"Ba ta babana ba ce," ta ce. "Nasa uku ne, ni ke goge su. Yallaɓai, da gaske yau za su kai ni?"

Ya so ya yi mata ƙarya, bakinsa ya ƙi. "In ban samo mai wannan wayar ba, za su kai ki."

Rana ta take tsaka lokacin da ya samu Doña Hilaria a rumfarta ta gyaran agogo da kyamara cikin kasuwa. Tsohuwa ce mai ido kamar na shaho, da bakin da ba ya raga wa kowa. Ta juya wayar, ta yi tsaki.

"Wane jaki ne ya yi wannan aikin? Wayar birkin keke ce fa! Bakin nan kuwa na tsohuwar kyamara ne, yanzu ba inda zai shiga sai akwatunan 'yan dandali."

"Katakan fa?"

Ta matsa su da yatsu, suka ƙi motsi sai da ta sa ƙarfi. Ta maƙala gilashinta a ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kai fatar hanci.

"Zo ka gani, ɗana. Shatin haƙora ne. Baƙin nan kuma ba datti ba ne, ruwan ganyen koka da ake taunawa ne ya rina ta. Da baki ake danna ta. Na taɓa ganin irinta wurin wani da nakiya ta cinye wa hannu a ramin haƙar azurfa, amma ya mutu tun ban yi furfura ba."

"Duk dandali babu mai dungu, Mama."

"Wannan kuma aikinka ne. Ni agogo nake gyarawa, kuma naka yana cewa ɗaya saura."

Ticona ya fita yana saƙa da warwara. Mai hannu biyu, me zai sa ya ciji waya? Sai da ya hango dandali, ya ga wani mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, sannan abin ya faɗo masa. A cikin ƙyallen nan, wa ke ganin abin da baki yake yi?

Mutum biyu ne suka fito aiki ran nan. Na farko Fermín, wani dogo mai surutu da aka ajiye can gefen masu goge takalma, inda rana ke dukan fuskar masu zama a ɗauke su hoto.

"Ban taɓa ganinta ba," in ji Fermín. "Ni da marigayi kuwa ko musu bai taɓa haɗa mu ba."

"Ƙarya kake," Saje Colque ya ce. "Bara ni na raba ku, kana riƙe da wuyan rigarsa."

"To, wurin tsayuwa ne! Shekara tara ina gasuwa a nan. Dokar masu hoto ta ce wuri ba ya sauya mai shi sai mutum ya mutu, ko hannunsa ya fara rawa. Su kuwa tsofaffin nan sun ƙi mutuwa, sun ƙi rawa."

"Ɗauke ni hoto," Ticona ya ce.

Fermín ya shiga ƙyalle, ya miƙo hannu waje ya danna maɓalli da yatsa ɗaya, tsaf. Agogon majami'a ya buga uku.

Na biyu shi ne Don Serapio Huanca, mai wuri mafi kyau, daidai ƙofar majami'a inda angwaye da masu baftisma ke fitowa. Yana zaune kusa da akwatinsa, kumatunsa cike da koka, hannuwansa duka biyu cikin bargon da ya rufa.

"Don Serapio, ka san wannan wayar?"

Tsohon ya dube ta sau ɗaya, ya kau da kai. "Ban santa ba."

"Yaushe rabonka da marigayi?"

"Tun Lahadi. Aminina ne, Sufeto. Ni na riƙe Prudencia ranar da aka yi mata baftisma."

Ticona ya leƙa gaban akwatin. Ramin da waya ke shiga fayau yake, gefensa na ƙyalli don yawan ɗaurawa da kwancewa. Ya sa bakin wayar, ya murza. Ta shige daram. Ya kwance ta ya mayar aljihu, ya ja kujerar masu zama ya zauna.

"Ɗauke ni hoto."

"Ina makoki. Yau ba na aiki."

"Mai makoki ba ya ɗauko akwati tun safe ya kafa. Tashi."

"Hasken ya wuce."

"Don Serapio, saura minti arba'in su tafi da yarinyar nan. Tashi ka danna."

Mutane sun fara taruwa. Tsohon ya miƙe a hankali, ya zaro hannun dama daga bargo. Kafin ya kai ga maɓalli, hannun ya kama karkarwa. Ya riƙe shi da na hagu, shi ma ya ɗauka. Yatsansa na taɓa akwatin, ƙafafun katakon suka shiga ƙwanƙwasa dutse, kowa na ji.



"Shekara huɗu ke nan suna rawa," in ji Don Serapio, muryarsa can ƙasa. "Da kaina na haɗa wayar, ina cizon ta cikin ƙyalle. Ba wanda ya sani, kuma hotona bai taɓa lalacewa ba, ku tambayi kowa. Yau da safe na je ɗiban ruwan wankin hoto wurinsa, ta faɗo daga aljihuna. Ya ɗauka, ya gane. Ya ce doka doka ce, ran Lahadi zai nuna wa taron masu hoto. Na roƙe shi, na ce shekara talatin da ɗaya, Anacleto, in na bar ƙofar nan ina zan je? Na kama wayar, ya ƙi saki. Ture shi kawai na yi. Na rantse da Allah, ture shi kawai na yi."

"Ka san an kama 'yarsa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na gani. A gabana aka wuce da ita."

Saje ya sa masa ankwa, sarƙar na ta kaɗawa har suka iso ofis. Motar mai gabatar da ƙara na tsaye a ƙofa. Kwamanda ya saurari bayanin, ya yi gyaran murya, ya ce dama shi ma bai gamsu da zancen maƙwabta ba.

Aka buɗe wa Prudencia. Tana fitowa ta hango tsohon tsaye a baranda, bargo ya rufe masa hannuwa. Ta ruga ta rungume shi tana kuka.

"Baba Serapio! Dama na san ba za ka bar ni a nan ba."

Ticona ya juya fuskarsa ga bango, don abin ya fi ƙarfinsa. Saje Colque ne ya janye ta a hankali, ya kama gwiwar hannun tsohon ya shigar da shi ɗakin da ta fito, ya murza makulli.